The Vampire Diaries: Wa ya biya kuɗin soyayyar Damon da Elena?

Tun ranar 10 ga Maris, 2017 aka nuna kashi na ƙarshe na shirin The Vampire Diaries a Amurka, amma gardamar da ya haifar ta ƙi mutuwa, kamar dai jaruman cikinsa. Duk inda 'yan mata biyu da suka kalle shi suka haɗu, kafin a gama gaisawa an jefo tambayar: "Ke ta Stefan ce ko ta Damon?" Gardama ce irin ta 'yan ƙwallo. Ba mai cin nasara, ba mai sauya sheƙa, kuma 'yan Damon sun fi kowa baki. Abin da ba a cika tsayawa a ƙirga ba shi ne mutum nawa aka binne kafin Damon ya samu Elena, da kuma su wa suka biya kuɗin wannan soyayya.

Ga wanda bai san shirin ba, tashar CW ce ta fara nuna shi ranar 10 ga Satumba, 2009. Ya yi zango takwas, ko "sizin" kamar yadda masu sayar da faifai ke cewa, jimillar kashi 171. Kevin Williamson, wanda ya rubuta fim ɗin ban tsoron nan Scream, shi da Julie Plec suka ɗauko labarin daga littattafan wata marubuciya, L. J. Smith. A lokacin kasuwar mashaya jini ce ke ci, domin fim ɗin Twilight ya fito a 2008 ya kwashi kuɗi. Shi ya sa da yawa suka ce wanki aka yi, alhali littafin Smith na farko ya fito tun 1991, ya girmi na Twilight da shekara 14. Ita kanta baiwar Allahn ba ta sha da daɗi ba. Kamfanin Alloy ne ke da haƙƙin mallakar labarin, kuma a 2011 ya sallame ta ya ba wasu suka ci gaba da rubutawa. Ta rasu a 2025. Marubutan da ke miƙa wa furodusa labari ba tare da karanta takarda ba, ga abin dubawa nan.

Labarin dai a wani ƙagaggen gari yake mai suna Mystic Falls, a jihar Virginia, ko da yake a garin Covington na jihar Georgia aka ɗauki mafi yawansa. Elena Gilbert, wadda Nina Dobrev ta fito a matsayinta, 'yar sakandare ce mai shekara 17. Motar iyayenta ta faɗa kogi daga kan gadar Wickery, suka mutu, ita ta tsira. Tana cikin wannan jimami sai ga sabon ɗalibi, Stefan Salvatore, wato Paul Wesley, mai sanyin hali da yawan shiru. Ba a jima ba sai ga yayansa Damon, wato Ian Somerhalder, da murmushin mugunta. Dukkansu mashaya jini ne tun 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, inda wata mace mai suna Katherine ta yi wasa da hankalinsu su biyun, ta shayar da su jininta. Ita kuwa Elena, kamarsu ɗaya da Katherine, kamar an tsaga kara.

Wasu kan ce musu mayu, amma ba haka ba ne. Maye a fahimtar Bahaushe rayayyen mutum ne da ke kama kurwa. Waɗannan kuwa matattu ne da suka ƙi kwanciya. Ba sa tsufa, rana tana ƙona su sai in suna sanye da zobe na tsafi, ba sa iya shiga gidan mutum sai an ce su shigo, kuma akwai wani tsiro da ke raunana su. Sai dai abubuwa biyu ne a cikin halittarsu suka fi muhimmanci ga wannan magana. Na farko, mashayin jini zai iya kallon ƙwayar idon mutum ya umarce shi da abin da ya ga dama, ko ya goge masa abin da ya faru daga ƙwaƙwalwarsa. Na biyu, yana iya kashe tausayinsa gaba ɗaya kamar yadda ake kashe fitilar ɗaki, ya yi ta'asar da zai yi, daga baya ya kunna.

Wa da ƙane a kan yarinya ɗaya ba sabon abu ba ne ga wanda ya saba da finafinan Hausa da na Indiya. Bambancin shi ne a can akwai manya. Akwai uba mai cewa sai an yi bincike, akwai gwaggo mai cewa ita fa yaron nan bai kwanta mata ba. A Mystic Falls marubutan sun bi manyan Elena ɗaya bayan ɗaya sun kawar. Iyaye sun mutu kafin a fara. Ƙanwar uwarta Jenna, wadda ke riƙonsu, Klaus ya kashe ta a zango na biyu. John Gilbert, wanda aka gano shi ne mahaifinta na asali, ya ba da ransa a daren. Yarinya ta rage daga ita sai ƙawayenta da samari biyu da kowannensu ya haura shekara 160 a duniya. Ba wanda zai je unguwarsu ya tambayi halinsu.

To, ga binciken da ba a yi ba.

A zangon farko kaɗai, Damon ya kashe malamin tarihi kuma kocin makarantar, Mista Tanner, don kawai ya nuna wa ƙanensa cewa ba sauran imani a tare da shi. Ya kashe Zach, ɗan uwansu da ke kula musu da gida. Ya mayar da Vicki Donovan mashayiyar jini saboda zaman gida ya ishe shi yana neman abin ɗebe kewa, wanda hakan ya zama ajalinta. Ya soke Lexi, aminiyar Stefan ta sama da shekara ɗari, a daren bikin zagayowar ranar haihuwar Stefan ɗin, don ya kawar da zargi daga kansa. A kashin farko na zango na biyu kuwa, Katherine ta ce masa ba ta taɓa son sa ba, ya je wurin Elena ita ma ta ce Stefan take so, sai ya kama ƙanenta Jeremy ya karya masa wuya a gabanta. Wani zoben tsari ne ya dawo da yaron. Daga baya Damon da bakinsa ya amsa cewa bai san da zoben a hannunsa ba.

Amma wanda ya fi duk waɗannan tsayawa a rai shi ne abin da ya yi wa Caroline Forbes, ƙawar Elena. Yarinya ce mai neman a so ta, kullum tana ganin Elena ta fi ta. Damon ya gane haka, ya shiga jikinta. Yana shan jininta, yana zaginta, yana aikenta, in ta tsorata sai ya kalli idonta ya goge. Ta riƙa ɗaura gyale a wuya don ta ɓoye shatin haƙora. Elena da idonta ta ga cizon a jikin ƙawarta a wurin wani biki. Da Caroline ta zama mashayiyar jini a zango na biyu, duk abin da aka goge ya dawo mata, ta tare shi a asibiti ta hankaɗa shi. Shi ke nan fa. Labari ya wuce wurin. A hankali aka koma ana raha da shi, har daga ƙarshe ta zama matar ƙanensa.

Ta yaya mutumin da ya yi wannan ya zama gwarzon 'yan mata? A nan ne ya kamata a sara wa masu shirin, don sun san aikinsu. Sun ba shi duk maganganun ban dariya, suka bar Stefan da ɗaure fuska da rubutu a littafi. Sun ba shi tarihi mai ban tausayi: uban da ya fifita ƙane, da shekara 145 da ya yi yana jiran ya buɗe wani kabari ya fito da Katherine, aka buɗe ya tarar ba ta ciki, tun tuni tana yawonta ba ta neme shi ba. Sannan duk lokacin da ya yi ɓarna, sai kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, a saka kiɗa mai sanyi, a nuna idanun nan nasa sun cika da hawaye. Wanda aka kashe an wuce da gawarsa, wanda ya yi kisan shi ake jajanta wa. Shi ma Somerhalder, wanda tun a shirin Lost aka san fuskarsa, Allah Ya ba shi kyau da iya wasa. Ga shi kuma shi da Dobrev sun yi soyayya a zahiri kafin su rabu a 2013, abin da ya ƙara wa masoyansu ƙaimi.

A wani gida a Kano, wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, sun kalli shirin tare daga farko har ƙarshe, kashi biyu ko uku a dare in akwai wuta. Ba shiri ba ne da ake kallo gaban manya, akwai shaye-shaye da abubuwan da sai an tura gaba, don haka rimot kullum yana hannun babbar, kunnenta yana ƙofa. Ƙanwar ba ta cika ashirin ba, kuma 'yar Damon ce ta gani-kashe-ni. Yayar ta girme ta da shekara bakwai. An taɓa kawo kuɗin aurenta aka mayar, ba ta kuma son a tayar da zancen.

Ranar da aka zo wurin karya wuyan Jeremy, yayar ta tsayar da faifan.

"Auta, kin ga abin da ya yi?"

"Haba Yaya, ai ransa ne ya ɓaci. Mata biyu suka ƙi shi a dare ɗaya fa. Kuma ai yaron ya tashi."

"Da bai tashi ba fa?"

"Ke dai Yaya ba kya son sa ne. Ai saboda tsananin son da yake mata ne. Ki bari ki gani, ita za ta gyara shi."

Yayar ba ta ce komai ba, ta danna suka ci gaba. Maganar ce ta tsaya mata, domin ta san ta. Ita ma da bakinta ta taɓa faɗa wa Umma irinta, lokacin da wancan mutumin yake karɓe mata waya ya bincika, ya yi mata tsawa a ƙofar gida, washegari ya dawo da leda a hannu da murya mai rawa yana cewa kishi ne, so ne ya jawo. Shekara biyu ta yi tana jiran ya gyaru. Abin da ya fi damunta a daren shi ne ta san akwai wani yaro da ke kiran Auta, wanda in ta yi jinkirin ɗauka sai ya kwana yana turo saƙo, rabi zagi rabi ban haƙuri, ita kuma Auta tana nuna wa ƙawayenta tana dariya wai ya mutu a kanta.

Ba wanda zai ce fim ne ya koya wa yarinyar haka. Tun kafin a ƙirƙiro talabijin ake yi wa mata huɗubar su yi haƙuri da mai zafin zuciya. Amma shirin ya ɗauki tsohuwar huɗubar ya yi mata kwalliya, ya maimaita ta shekara takwas. Duk lokacin da Elena ta ja baya, sai wani ya mutu a hannun Damon, sai a juyo ana kallonta kamar ita ta jawo. A zango na biyar, da ya ɗauka ta rabu da shi, sai ya je ya kashe abokinta Aaron Whitmore. Nauyin shiryuwar ƙato mai shekara sama da 170 aka ɗora wa 'yar jami'a.

Har wuraren da masoya suka fi yabawa, in an sake dubawa, akwai abin tsoro. A zango na biyu ya shiga ɗakinta ya furta mata so, sannan ya goge mata maganar. A ƙarshen zango na uku aka nuna cewa ashe shi ya fara haɗuwa da ita a daren da iyayenta suka mutu, nan ma ya goge. A zango na huɗu, bayan ta zama mashayiyar jini da jininsa, sai aka gano akwai wani ɗauri da ke sa ta bin duk abin da ya ce, abin da Bahaushe zai kira mallaka kai tsaye. Marubutan sun warware ɗaurin daga baya, suka sa ta ce son gaskiya ne. To, an ji.

Abin mamaki, shirin da kansa ya taɓa fallasa kansa. A farkon zango na shida, Elena tana zaton Damon ya mutu, baƙin ciki ya hana ta sakat, sai ta roƙi Alaric, malaminsu da ya zame mata kamar uba, ya goge mata son da take yi masa. Bai goge mata Damon ba, son kawai ya cire. Da ta buɗe ido aka tambaye ta wane ne Damon, sai ta kwatanta shi da mugun da ya kashe mata ƙane. Ayyukan nan dai su ne, ba a ƙara ba, ba a rage ba. A nan yayar ta sake tsayar da faifan, ta kalli Auta. Auta ta ce, "Ni dai Yaya ki saka mana mu gani." Amma a daren, da wayarta ta yi ƙara, ta daɗe tana kallonta kafin ta ɗauka.

Kada 'yan Stefan su yi saurin tafi. Nasu ma hannunsa ba tsarkakakke ba ne. In ya ɗanɗani jinin mutum ba ya iya tsayawa, sai ya yayyaga gawa. A gidansa na Chicago, tun shekarun 1920, akwai bango da ya rubuta sunayen waɗanda ya kashe. Shi ne ya tilasta wa Damon shan jinin farko a 1864 don kada ya rayu shi kaɗai. Kuma abin da ya fara jan hankalinsa ga Elena shi ne fuskar tsohuwar budurwarsa. Bambancinsu kawai, Stefan yana ɗaukar laifinsa a kansa, ba ya cewa wata ce ta sa shi.

Idan akwai wadda ta biya kuɗin nan har da riba, to Bonnie Bennett ce, aminiyar Elena, wadda Kat Graham ta fito a matsayinta. 'Yar gidan matsafa ce, kuma ita ake kira duk lokacin da abu ya kwaɓe. Kakarta Sheila ta mutu bayan ta ƙarar da ƙarfinta wurin buɗe kabarin da Damon ya nace a buɗe. Uwarta Abby, Damon ne ya karya mata wuya ya mayar da ita mashayiyar jini don a ceci Elena. Ita kanta ta mutu a ƙarshen zango na huɗu wurin dawo da Jeremy, ta kuma ɓoye wa ƙawayenta don kada ta ɓata musu hutu. Tana fatalwa aka yanka mahaifinta a bainar jama'a tana kallo. Ta maƙale da Damon a wata duniyar kurkuku inda rana ɗaya, 10 ga Mayu, 1994, ke ta maimaituwa, ta samu hanyar fita ta tura shi, ita ta zauna wata da watanni ita kaɗai. Da ta samu wanda ya so ta tsakani da Allah, wato Enzo, sai Stefan, yana cikin halin kashe tausayi, ya cire masa zuciya a gabanta.

Lokacin da Nina Dobrev ta bar shirin a 2015, dabarar da marubuta suka yi ita ce a ɗaure ran Elena da na Bonnie: Elena za ta yi ta barci muddin Bonnie na numfashi. Wato sai aminiya ta mutu kafin masoya su haɗu. Masu kallo da dama a Amurka sun lura cewa ita ce baƙar fata tilo cikin manyan 'yan matan shirin, kuma kakar kakanninta Emily ma hidimar Katherine take yi a 1864, a jihar da ake bautar da baƙaƙe a lokacin, abin da shirin ya bi ta gefensa ya wuce. Wata malamar jami'a, Ebony Elizabeth Thomas, ta ware wa Bonnie babi guda a littafinta The Dark Fantastic na 2019. Duk da haka, a zaman gardamar 'yan mata, da wuya a ji wadda ta ce ita ta Bonnie ce.

Duk wannan ba ya nufin shirin ba shi da daɗi. Zango ukun farko suna gudu kamar an kora su, ba a jan labari, sirrin da wani shirin zai riƙe shekara guda a nan kashi biyu ya ishe shi. Dobrev ta nuna gwaninta, domin ko ba a faɗa ba, daga tafiya da kallo ana gane Katherine ce ko Elena. Joseph Morgan a matsayin Klaus ya yi ƙarfin da sai da aka ware masa nasa shirin, The Originals, daga 2013 zuwa 2018, wanda shi ma ya haifi Legacies da ya ƙare a 2022. Daga zango na biyar ne abin ya fara tsami, aka yi ta mutuwa ana dawowa har mutuwar ta daina ba kowa tsoro.

A kashin ƙarshe, wutar jahim za ta cinye garin, dole ɗaya daga cikin 'yan uwan ya tsaya ya riƙe Katherine su ƙone tare. Damon ya ce shi zai tsaya, kuma a ba shi wannan, da gaske yake. Amma Stefan, wanda ya riga ya koma mutum, kuma bai kwana biyu da auren Caroline ba, ya ɗebi jininsa mai ɗauke da maganin ya yi wa yayansa allura, ya ture shi gefe, ya shiga wutar. Bonnie ce ta karkatar da wutar daga garin, da taimakon kakanninta, ita ce kuma ta tayar da Elena daga barci. Caroline ta zama bazawara tun lallen biki bai goge ba. Damon ya zama mutum, ya auri Elena, suka yi tsawon rai. Hoton ƙarshe da aka nuna ma ba na masoyan ba ne. Bayan mutuwa Elena ta tafi wurin iyayenta, shi kuma Damon ya tsaya a ƙofar tsohon gidansu, Stefan ya buɗe masa, Damon ya gaishe shi da gaisuwar nan da ya yi masa a kashin farko, suka rungumi juna.